Sunan da Na Kira Ranar Komawa Makaranta

Shekarar da aka yi murar nan mai kwantar da gida guda a rana ɗaya, ina da shekara ashirin da ɗaya, ina koyar da aji uku a wata makarantar elementare cikin Sakkwato, kuma ina da keke. Dole in ambaci keken, domin rabin wautar da na yi a ƙuruciya a kansa na yi ta. Lokacin ana ta zancen mulkin kai, mu 'yan boko muna ganin da zarar Turawa sun saki ƙasar a tafin hannunmu za ta faɗo, don haka ko tafiyata ta sake. Idan na sa farar riga, na ɗaura agogo, na hau keken nan, ba na jin akwai mahalukin da ya san abin da ban sani ba. Akwai shi kuwa, wani baduku ne, uban yara biyu, kuma saura kaɗan in raba shi da na biyun saboda ban iya sauka daga keke in zauna ba.

Murar ta shigo gari a ƙarshen damina, ana shirin yankan gero. Tsofaffi suka ce marisuwa ce ta dawo, annobar da ta kwashe mutane suna yara. Ba ta kai waccan ɓarna ba, amma wanda ta kama sai ya gane kurensa: zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, tari kamar ƙirji zai tsage. Manya su kan tashi bayan kwanaki, yara da tsofaffi ne wasu ba sa tashi. Da aka wayi gari ajina ya koma yara tara daga talatin da biyu, sai takarda ta zo aka rufe makarantu. Na ɗaure akwatina a bayan keke na tafi ƙauyenmu can bakin fadama, ina cewa na gudu, ashe da ita na tafi. Na yi kusan mako uku a ɗakin mahaifiyata ina shan jiƙe-jiƙe masu ɗaci, ban san wainar da ake toyawa a birni ba. Na dawo wando na zamewa daga ƙuguna.

Kwana biyu da dawowata hedimasta ya tara mu a ofis. Dattijo ne siriri mai ƙaramar murya, wanda bai taɓa ɗaga ta ba, amma ko ƙadangaren makarantar ya san lokacin da ya shigo. Ya karanta mana takarda: a buɗe ranar Litinin. A fitar da bencina waje ƙarƙashin itatuwa, a raba yara yadda hannun wani ba zai taɓa kafaɗar wani ba. A ɗauke moɗar da ke bisa randa, kowane yaro ya zo da gwangwaninsa. Kowa ya kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri kafin ya zauna, mai tari a mayar da shi gida. Malamin aji ɗaya ya ce ai cutar ba ta bar gari ba, jiya ma an yi jana'iza biyu a unguwarsu. Hedimasta ya ninke takardar ya ce shi ma ya halarci ɗaya daga ciki, amma ranar Alhamis Baturen makaranta zai zo ya ƙirga kawuna, ya gwada da abin da ke cikin rajista.

Yaran yanzu ba za su gane abin da rajista take nufi a wancan zamani ba. Uba kaɗan ne ke kai ɗansa boko don ra'ayin kansa. Yanka wa kowace unguwa adadi ake yi, mai unguwa ya zagaya ya nuna gidajen da za su ba da yaro. Da zarar suna ya shiga littafin nan, to gidan ya shiga ke nan. Yaro ya yi fashi, a aika ɗan doka ya taho da uban, a tsayar da shi gaban mutane yana zare ido. Akwai dattawan da sun gwammace komai da a ga ɗan doka a ƙofar gidansu.

Aka ce kowane malami ya bi gidajen 'yan ajinsa ranar Asabar ya sanar. Na fita da hantsi da kyakkyawar niyya, amma kafin azahar an ƙure ni. Wannan ya ce yaro ya tafi ƙauye, alhali ga ƙafafun yaron ina hange ƙarƙashin asabari. Wancan ya ce ɗansa ba ya ko iya ɗaga kai, ina juyawa na gan shi bisa katanga yana shan rake. Ban ga laifinsu yanzu ba, tsoro suke ji, kuma suna da gaskiya. A ranar kuwa gani nake duk garin ya haɗa baki ya mayar da ni sakarai. Rana ta dafa ni, jikina bai gama warwarewa ba, na daina gaisuwa mai tsawo, na koma yin sallama in sauke saƙo in wuce.

Gida na ƙarshe can wajen Tudun Wada yake, gidan badukun. Ɗansa shi ne yaron da na fi ji da shi a ajin. Yaro ne baƙi mai manyan kunnuwa, kullum da jar gafaka a wuya wadda uban ya ɗinka masa, yana zuba littattafan boko a ciki kamar wani babban malami. Shi ke fara gama lissafi, sa'an nan ya zauna yana kallona da ido irin na mai jiran in yi kuskure. Ya taɓa kama ni kuwa, a gaban aji, na bar sifiri ɗaya a allo. Na yi kamar da gangan na yi don in gwada su, shi kuma ya yi kamar ya yarda. Na riga na ƙudura a raina shi zan tsayar ya yi wa Bature karatu ranar Alhamis.

Na iske tabarmi biyu shimfiɗe a ƙofar gidan, da wasu dattawa huɗu zaune suna jan tasbaha, ba mai magana. Na ɗauka inuwa suke sha. Badukun yana bakin zaure, jar fata a cinyarsa, basilla a hannu, amma ba ɗinki yake ba. Duk wannan idona ya gani, sai dai bai kai wa kaina labari ba. Ban sauka ba. Na ɗora ƙafa ɗaya a kan dakali, na yi sallama a tsaitsaye, ban tambayi iyali ba, ban tambayi gajiya ba.

Na ce, "Ran Littinin za a buɗe makaranta. A turo yaro da gwangwaninai na shan ruwa."

Badukun bai ɗago ba. Ɗaya daga cikin dattawan, mai farin gemu, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam, sabka ka zamna tukuna."

"Baba, ba ni da lokacin zama," na ce masa. Na juya ga badukun, shirun da ya yi ya ƙara tunzura ni, don na ɗauka shi ma wata ƙaryar yake ƙullawa. "Kowa na ta ɓoye man ɗiya tun da sahe, na gaji. In na kira sunan yaronka nij ji shuru, ba ni za ka gani ba, ɗan doka za ka gani ƙohwar gidan ga."

Dattijon ya buɗe baki zai sake magana, badukun ya ɗan girgiza masa kai, dattijon ya fasa. Sa'an nan badukun ya ɗago ya dube ni, idanunsa jajur, na ce a raina murar ce ba ta sake shi ba. Ya ce, "To, malam. Za a amsa maka."

Na taka feda na tafi ina jin daɗin kaina, wai na iya magana da talakawa.

Ranar Litinin muka fitar da bencina ƙarƙashin itatuwan dogon yaro. Aka buga tsohon wilin mota da muka mayar ƙararrawa, yara suka yi layi bakin bokitin ruwan gishiri suna gargara suna tofarwa, wasu na haɗiyewa suna yamutsa fuska. An zo fiye da yadda na zata, kuma na san barazanar ɗan doka ce ta kawo su. Suka zauna nesa-nesa da juna, kowa da gwangwaninsa a gabansa, sun yi tsit. Na lura da shirun, amma na ce ramar ciwo ce.

Al'adata idan ina kiran suna ba na ɗaga kai. Na san muryar kowa, ina kira ina jin amsa ina buga alama da tawada. Na bi layi har na iso sunan ɗan badukun, na kira shi da ƙarfi, har da ɗan murmushi, don ina marmarin ganinsa. Aka ce, "Na'am, malam." Alƙalamina ya riga ya buga alamar ya zo kafin kunnena ya gaya mini wannan ba muryarsa ba ce. Siririya ce, irin ta yaron da bai daɗe da fara famfara ba.

Na ɗaga kai. A ƙarshen benci na uku, wurin da ya saba zama, ga wani ɗan mitsitsin yaro da bai wuce shekara shida ba, ƙafafunsa ba su kai ƙasa ba. Rigar makarantar da ke jikinsa ta sauko har gwiwa, an naɗe hannuwan sau biyu. Jar gafakar na rataye a wuyansa tana taɓa benci. Sai a lokacin na shaida shi. Ƙanen ne, wanda kan biyo shi har bakin makaranta da safe a kora shi gida yana kuka.

Na ce, "Kai, mi kaka yi nan? Ina yayanka?"

Ya miƙe tsaye kamar yadda aka koya masa, ya ce, "Baba ya ce in anka kira sunan ga, in ce na'am malam."

"Na jiya. Shi yayan naka hwa, ina shike?"

Ya dube ni, ya dubi gwangwaninsa. Na juya ga ajin. Yara ashirin da wani abu, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Na nuna babban cikinsu na ce ya tashi ya gaya mini. Ya tashi yana murza gefen rigarsa, don yaro ba ya son ya zama shi ne mai kai wa babba irin wannan labari.

Ya ce, "Malam, ya rasu. Tun ran Alhamis."

Ban san lokacin da na zauna ba. Na ji kaina ya yi dum, kunnuwana suka toshe, ina ganin bakin yaron na motsi ban jin abin da yake ƙarawa. Alhamis, Juma'a, Asabar. Na ƙirga da yatsu kamar ɗan aji ɗaya. Ashe ranar da na je, ranar sadakar uku ce. Tabarmin nan na zaman makoki ne, dattawan nan masu karɓar gaisuwa ne. Na tsaya bisa keke a ƙofar gidan mutuwa, na yi wa uban mamaci barazana da ɗan doka a kan yaron da ya binne shekaranjiya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma har yau ban sake jin irinta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da uzurin rashin sani. Yaron ɗan fari ne, ni ma ɗan fari ne. Mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa kama sunana ba. Ranar da na ci jarrabawar shiga makarantar midil, abin da ya ce wa ƙanensa kawai shi ne, an ce wancan ya wuce. A wajenmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane, ranar mutuwarsa kuma ba shi zai buɗe baki ya ce ɗana ya rasu ba. Na kusa da shi ne ke faɗa, su ma sai baƙo ya sauka ya zauna an gaisa. Dattijon nan abin da yake ƙoƙarin yi ke nan da ya ce in sauka. Na san wannan tun ina rarrafe, amma na bar shi a ƙauye na hau keke.

Ina cikin wannan sai wani yaro a benci na biyu ya sarƙe da tari, mai zurfi, irin wanda na sani sarai. Na ga ɗan ƙanen ya juya yana kallonsa. A nan na farka. Yara biyu Allah ya bar wa badukun, kowa ya sani. Murar ta ɗauki ɗaya, ni kuma na sa an ɗauko ɗayan daga ɗakin uwarsa an zaunar da shi cikin masu tari.

Na sallami mai tarin, na kama hannun ƙaramin, na ɗauki rajista muka nufi ofis. Hedimasta ya saurare ni har na gama. Ya yi salati, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Sa'an nan ya ce, "Bar shi zamne har Alhamis ta wuce. Sa shi can gehe, nesa da saura."

Na ce, "Ranka shi daɗe, yaron ga ba ɗan makaranta na ba. Sunan mamaci shika amsawa."

"Na sani. In ka kashe sunan yau, lissahi ya ragu, a koma bin unguwa bashin yaro guda. Mai unguwa ina za shi? Gidan da ag ga littahi za shi koma. Bari Bature shi zo shi tahi, mu san yadda munka yi a hankali."

Ba mugun mutum ba ne, ya ga abin da ban gani ba a aikin nan, kuma wataƙila dabararsa ta fi tawa. Amma kwana huɗu ne tsakanin Litinin da Alhamis, kuma kwana huɗu sun ishi murar nan ta gama da yaro. Zuciya ta ɗebe ni, na ce ba da ni za a yi wannan rashin imani ba. Bai ɗaga murya ba. Ya mayar da tabaransa ya dube ni ya ce, "Ba ni nik kai maganar ɗan doka gidan makoki ba, malam." Da ya ga na yi laushi sai ya ce in yi abin da na ga ya dace, amma hannuna ne zai ja layin, kuma ni zan tsaya gaban Bature in yi bayani. Na tsaya kuwa ranar Alhamis, na sha faɗa, aka rubuta mini abin da aka rubuta, mai unguwa kuma, da hedimasta ya je ya same shi da kansa, ya ce shi ba shi da fuskar komawa gidan badukun neman wani yaro. Duk wannan bai tsaya mini a rai ba kamar abin da ya faru a zauren badukun ranar Litinin ɗin.

Na ɗora yaron a kan sirdin keke, na sa rajista da jan alƙalami cikin aljihun riga, na tura da ƙafa tun daga makaranta har Tudun Wada. Ban iya hawa ba. Mutane na kallonmu, malami na tafiya ƙasa, ɗan yaro cikin rigar da ta fi ƙarfinsa yana bisa yana riƙe da gwangwani. A hanya ya tambaye ni ko ya amsa daidai, don jiya wuni aka yi ana koya masa. Na ce ya amsa daidai.

An naɗe tabarmin ƙofar gida. Na jingine keken nesa, na tuɓe takalma tun daga waje, na yi sallama na shiga zaure na durƙusa. Badukun na zaune inda na bar shi, da fatar nan a cinya. Na gaishe shi yadda ake gaisuwa, tun daga kwana har gajiya har iyali, sa'an nan na yi masa ta'aziyya. Na ce ban sani ba, ya yafe mini. Ya ce, "Ba komi, malam. Aikinka kaka yi. Allah shi ba da lada." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce na maido masa da yaro, ba zai sake zuwa ba sai shekarunsa sun kai, sai kuma gari ya yi lafiya. Bai nuna ya ji daɗi ba, bai ko dubi yaron ba, wanda ya rakuɓe jikin bango da gafakar a wuya. Daga bayan ƙofar cikin gida na ji motsin mutum da ƙarar warwaro, na san uwar ce take saurare.

Ya ce, "Ɗan doka hwa?"

Na ce ba mai zuwa. Na ciro rajistar na ce a gabansa zan ja layi a kan sunan, daga yau ba wanda zai sake nemansa.

Ya ajiye basilla. Ya goge hannunsa a riga, ya matso, ya ce, "Gwada man inda anka rubuta shi."

Na buɗe shafin na nuna masa. Ya iya ajami, amma boko baƙi ne kawai a idonsa. Ya ɗora yatsa a kan layin, yatsa mai kaushi da jan rini a farce, ya bi shi a hankali daga dama zuwa hagu yadda ya saba karatu, ya wuce ta kan alamomin zuwa, ɗaya bayan ɗaya, shafi guda ba fashi ko na rana ɗaya, har da ta safiyar nan da ban goge ba. Da ya iso kan rubutun sai ya tsaya.

"Mi anka rubuta nan?"

Ban yi tunani ba. Na karanta masa yadda yake a rubuce, sunan yaron haɗe da nasa, da muryar da na saba kira a aji. Sunan ya cika zauren, sunan da mai zauren bai taɓa faɗa da bakinsa ba.

Daga jikin bango ɗan ƙaramin ya miƙe tsaye ya ce, "Na'am, malam."

Aka saki wani sauti a bayan ƙofa, aka toshe shi da zane. Badukun bai motsa ba, yatsansa na kan takardar. Sa'an nan ya juya ya kira ƙaramin da sunansa na yanka, a hankali, ya ce, "Ba kai aka kira ba. Tuɓe rigar ga, ka shiga wurin innarka."

Yaron ya tuɓe rigar da ƙyar, ta maƙale masa a kai, ya ajiye ta tare da gafakar a gefen uban ya shige ciki da gudu. Na cire murfin jan alƙalamin na jira. Ban ja layin ba sai da badukun ya ɗauke yatsansa.